Ruwa a But ɗin Kunkuru

Motar tana da ƙusumbi a baya, irin waɗanda but da gilashin baya duk ƙofa ɗaya ce, ana ɗaga ta sama kamar murfin akwati. Saboda wannan ƙusumbi, da kuma yadda take hawa tudu sai ka ce roƙonta ake yi, yaran gidan suka raɗa mata Kunkuru. Yara sun girma sun watse, suna ya zauna. Shekararta ashirin da uku tana bin titi, kuma mutum biyu kaɗai suka rage mata a gidan: Mai Labule da mijinta.

Mai Labule tela ce, amma ba ta taɓa rigar kowa. Labule take ɗinkawa, na gidaje da ofisoshi, ta auna taga da kanta, ta kai da kanta, ta tsaya a rataya a gabanta. Ƙaramar mace ce, siririya, kullum da tef na awo a wuya. Mijin kuwa ya yi shekara talatin yana bin bututun ruwan da suka fashe a ƙarƙashin titi kafin ya yi ritaya. Kowa Injiniya yake ce masa. Takardarsa ba ta kai nan ba, amma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara wa kowa ba.

Wata safiya, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, ta jera labule takwas masu ruwan madara a but ɗin Kunkuru, ta nufi wani ƙaramin asibitin haƙori da ya ba ta aiki. Shida na sama lafiya lau. Da ta ɗago biyun ƙasa sai ta ji nauyi, ta ji sanyi a hannu. Sun jiƙe sharkaf, ga wani zane mai ruwan tsatsa ya ratsa su, ga wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Matar da ke karɓar baƙi a asibitin ta matso, ta shaƙa, ta ja da baya cikin ladabi.

Mai Labule ta rataya shida, ta ba da haƙuri, ta dawo gida da biyu a kujerar gaba. A kowace kwana sai ta ji wani abu a baya yana cewa culum, culum. Ta daɗe tana jin wannan ƙara, ta ɗauka mai ne a tanki.

Ta tarar da Injiniya a baranda yana shan shayi. Ta shimfiɗa masa labulen a cinya.

"Subhanallahi! Mene ne haka?"

"Motarka ce ke yoyo."

"Kunkuru? Haba, Maman Auta." Ya ɗaga labulen da yatsa biyu. "Gorar ruwanki ce ta buɗe. Kullum ina cewa ki riƙa murɗa murfin da kyau."

"Gorata tana kan keken ɗinki tun jiya."

"To raɓa ce."

"Raɓa mai tsatsa?"

Ya kurɓi shayi, ya gyara zama, ya yi muryar da yake yi idan zai tuna wa mutane ko shi wane ne. "Ni fa sai in tsaya a kan kwalta, in kasa kunne, in ce a haƙa nan, a haƙa a tarar da bututu a fashe. A ce mota tana yoyo a ƙofar ɗakina ban sani ba?"

"To taso ka kasa kunne."

Suka fita. Ta ɗaga ƙofar but, ta tokare ta da sandar tsintsiya, don ƙarafunan da ke riƙe ta sun daɗe da yin murabus. Ta kama gefen kafet ta yaye. Ƙarƙashinsa akwai katako, ƙarƙashin katako akwai ramin da tayar safaya ke kwance. Safayar tana nan, amma a cikin tafki take. Ruwa ya kai rabinta, jak ya yi ja da tsatsa, wani tsohon takalmin 'yarsu Auta yana iyo a gefe. A lungun hagu kuma, inda wani buhun wake ya taɓa yagewa bara, ƙwayoyi uku sun tsiro, farare, dogaye, sun miƙe suna neman haske.

Mai Labule ta riƙe ƙugu. "Ashe gona muke da ita ba ka faɗa mini ba."

Injiniya ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a ruwan, ya shinshina, kamar akwai sauran shakka.

"Robar ƙofa ce," in ji shi. "Ƙaramin aiki ne. Je ki ji da labulenki."

Ta tafi ta jiƙa labulen a sabulu. Ta taga tana hango shi yana kwashe ruwa da kofi, daga baya ya lalubo wani toshi na roba a gindin ramin ya cire, ragowar ruwan ya tsiyaye ƙasa. Da yamma ya fita, ya dawo da kwalin gam na silikon da bindigar matsa shi. Ya bi robar da ta zagaye bakin but ɗin ya lafta mata gam ɗin, kauri-kauri, kamar mai shafa man gyaɗa a burodi. Ya rufe ƙofa, ya danna da tafin hannu, ya shigo yana goge yatsu.

"An gama," in ji shi.

Washegari ƙofar ta ƙi buɗewa.

Ya murɗa makulli, ya ja. Ya sake ja. Ya kafa ƙafa a bamba ya ja har motar ta girgiza. Mai Labule na tsaye da kofin shayinta, ta cije leɓe, don ta san in dariya ta kufce mata za a yi kwana uku ana gaisuwa a taƙaice.

"Ruwa dai ba zai shiga ba yanzu," ta ce a hankali. "Mu ma haka."

Ana cikin haka ƙanenta ya iso a kan babur. Mai gyaran firji ne, shekara arba'in da biyar, da tumbi kamar an cusa masa tulu a riga. Tun yana koyon aiki ake ce masa Ƙanƙara. Duk Asabar sai ya biyo, wai gaisuwa, amma kullum daidai lokacin karin kumallo. Ya kalli farin gam da ya tsatso ta gefen ƙofar ya daskare, ya kalli mijin yayarsa, ya kwashe da dariya har sai da ya dafa babur.

"Yallaɓai, ka rufe tun gam bai bushe ba? Kai da muke koyi da kai?"

"In taimako ka zo yi, kama nan. In surutu ne, ga hanya."

Su ukun suka kama. Da aka ce ɗaya, biyu, uku, ƙofar ta saki da wata ƙara, ɓarrr, ta tashi sama da robar gaba ɗaya tana reto a jikinta kamar macijin da aka rataya. Ƙanƙara ya zauna daɓas a ƙasa.

Duk hantsin nan a ɓare gam ya ƙare. Suka zauna a inuwa, robar a miƙe a kan cinyoyinsu, kowa na murje nasa yankin da farce. Da ta fita tas, suka mayar da ita a bakin ƙarfen suna dannawa taku-taku. Sai Ƙanƙara ya nemi takarda. Yayarsa ta yago masa daga littafin awonta. Ya ɗora guntun takardar a kan robar, ya rufe ƙofa a kai, ya ja. Takardar ta ƙi fitowa sai da ƙyar. Ya matsa gaba ya sake, ya sake, har ya zagaye ƙofar.

"Haka nake gwada ƙofar firji," ya ce. "In takarda ta zame salin-alin, roba ta mutu. Wannan kuwa ko'ina ta cije. Yallaɓai, robar nan ba ta yi maka laifin komai ba. Ka ɗaure marar laifi."

Injiniya ya yi shiru. Mai Labule ta san shirun nan. Ba na fushi ba ne, na mutumin da ya tuna cewa ya iya aiki ne.

"Na yi abin da nake hana sabbin ma'aikata," ya ce. "Na toshe kafin in gani. Inda ka tarar da ruwa ba lallai nan ya shigo ba, gangarowa yake yi. A cire duk rufin robar da ke ciki, ƙarfe ya fito fili. Mutum ɗaya ya shiga da tocila a rufe shi. Ɗaya ya riƙe tiyo a waje. Daga ƙasa za a fara, a riƙa hawa sannu a hankali. In ka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za ka san wa ya yi ba."

Suka ɓalle rufin gefe da gefe, 'yan maɓallan roba suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, Injiniya yana tsince su yana zubawa a aljihu kamar za su sake amfani. Aka goge ko'ina da tsumma ya bushe. Saura mai shiga.

"Ni bayana," in ji Injiniya, ya dafa ƙugu.

Ƙanƙara ya gwada, don kada a ce bai yi ba. Ya sa ƙafa ɗaya, ya sa ta biyu, ya durƙusa. Motar ta sunkuya ta baya. Tumbin ya hana ƙofa sauka da kusan taƙi guda.

Duk suka juyo suna kallon Mai Labule.

"Ni? Uwar 'ya'ya huɗu, mai jikoki shida, a but?"

"Yaya, ke ce daidai awo."

Ta cire tef daga wuya ta miƙa wa mijinta, ta ɗaure zani da kyau, ta ɗauko matashin kai. Ta shiga ta kwanta a gefe, ta naɗe ƙafafu. Aka kwantar da kujerar baya don iska ta shigo mata.

"In babu komai, ƙwanƙwasa sau ɗaya," in ji Injiniya. "In kin ga ruwa, sau biyu."

"Ba ni da baki ne?"

"Haka ake yi a aiki."

Ƙofa ta rufu. Ciki da ɗumi, da warin tsohon ƙarfe. Ta kunna tocila. Shekara da shekaru tana loda kaya a nan, ba ta taɓa ganin cikin motar tsirara haka ba: wayoyi a ɗaure, ramuka, notuna, bayan fitilun baya biyu da ƙwayayensu a soke. A waje tana jin muryoyinsu kamar daga cikin rijiya.

"Rage ƙarfin! Ruwan sama muke kwaikwayo, ba kashe gobara ba."

"To Yallaɓai, ka karɓa mana."

"Riƙe dai. Kan bamba tukuna. Kada ka motsa sai na ce."

Ruwa ya fara buga ƙarfe. Ta haska ko'ina. Babu komai. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Aka hau kan lambar mota, babu komai. Aka koma fitilar dama, aka daɗe, ƙarfe a bushe. Har ta fara jin daɗin kwanciyar. Rabonta da wurin da ba mai cewa ta miƙo wani abu, ta manta.

Sai aka koma fitilar hagu.

Ba a yi minti guda ba, wani ɗigo ya leƙo ta gefen noti na sama. Ya kumbura, ya gangaro. Wani ya biyo shi. Kafin ta ƙifta ido sun zama zare, zaren ya bi lungun ƙarfe ya sauka kai tsaye cikin ramin safaya. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai hasken tocila ya faɗa kan bayan fitilar. An rubuta wata lamba a jiki da fenti rawaya, irin rubutun masu sayar da tsofaffin kayan mota.

Hannunta ya tsaya a sama.

Shekara biyu ke nan. Injiniya ya tafi duba Auta da ta haihu, zai yi kwana huɗu. Ita kuma tana sauri, ta sa ribas, ta juya tana faɗa wa maƙwabciya launin zaren da za ta sayo mata, sai ji ta yi tas! Ginshiƙin get ya cinye fitilar hagu. Ta kira Ƙanƙara. Kafin azahar ya samo wata a wurin masu tsofaffin kaya, ya ɗaura, suka share fasassun gilasai har da wanke ƙasa. Kuma yanzu, a kwance a but, ta tuna sarai: da ya ciro fasasshiyar, wani baƙin soso mai siffar fitilar ya faɗo ƙasa. Ta ce, wannan fa? Ya sa ƙafa ya ture shi ya ce, shara ce, Yaya.

"Maman Auta?" Muryar Injiniya ce, kusa da gilashi. "Ɗaya ko biyu?"

Ta yi tunanin ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta dawo ita da ƙanenta ranar da ba ya nan. Amma ta san shi. In ba a samu yoyon ba, zai sa a yi ta zuba wa motar nan ruwa har famfo ya ƙafe, ita kuma tana ciki.

"Kina da rai kuwa?"

Ta ƙwanƙwasa sau biyu.

Aka ɗaga ƙofa. Ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta riƙe tocilar a cinya da hannu biyu.

"Fitilar hagu ce. Amma kafin ka kwance ta, Baban Auta, akwai magana."

Ƙanƙara ya ajiye tiyo a hankali. "Ni bari in je, akwai wata mata da firjinta..."

"Tsaya nan," ta ce. "Tare muka yi."

Ta faɗa duka, tun daga launin zare har zuwa wanke ƙasa. Injiniya yana saurare, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Da ta gama sai ya ciro tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ranar Talata ce," ya ce.

"Me?"

"Ranar da kika buga. Na dawo Alhamis. Jan fitilar hagu ya fi na dama duhu, tun daga bakin titi na gani. Ginshiƙin kuma ya ɓalle a gefe. Wa kike zaton ya shafe shi da siminti? Ko kin ɗauka warkewa ya yi da kansa?"

Mai Labule ta zaro ido. "Shekara biyu! Ka sani ka yi shiru?"

"To me zan ce? Wata guda cur kina kawo mini shayi har gado. Kin sa wa rigunana maɓallan da na yi shekara ina roƙo. Ko rediyo na ƙure ba kya magana. In tona, in kashe wa kaina kasuwa?"

Ƙanƙara ya ƙyalƙyale. Yayarsa ta harare shi, ya haɗiye.

"Kuma ajiya nake yi," in ji Injiniya. "Na ce ranar da na tafka tawa ɓarnar, sai in ciro wannan in kare kaina. Ga shi yau na liƙe ƙofar mota da hannuna, ke kuma kin riga ni fitar da ita. Ajiyar shekara biyu ta tafi a banza."

Ta jefe shi da matashin kai. Ya cafe, yana dariyar da ba ta fitar da sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

"Amma soson," ya juya ga Ƙanƙara, "wannan ban sani ba. Kai mai gyaran firji, ka ga abin da ke hana ruwa shiga, ka ce shara?"

"Yallaɓai, sauri ake yi. Yaya tana tsaye a kaina tana cewa ka kusa dawowa, alhali saura kwana biyu."

Noti uku ke riƙe da fitilar. Da aka ciro ta, ga ƙarfe tsirara, babu komai tsakaninsa da fitila sai ƙura da sawun ruwa. Suka kwance ta dama don su ga yadda abin yake. Nata soson yana nan, ya tsufa, ya lotse, amma bai yage ba. Ƙanƙara ya ce a lafta silikon kawai a huta. Injiniya ya ce kada wanda ya sake ambatar wannan kalma a gidansa yau, kuma in ƙwan fitila ya mutu gobe, da me za a ɓalle ta?

Mai Labule ta karɓi tsohon soson ta jujjuya shi. "Wannan ai yanka ne. Kana da irinsa a shago?"

A akwatin baburin Ƙanƙara ma akwai, falle guda na baƙin soson roba da yake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki. Ta kai shi teburin yanka. Ta kwantar da tsohon a kai, ta kife shi, tunda na hagu take so, ta zagaye da allin tela. Ta yanka da almakashin da take hana kowa taɓawa, ta huda ramukan notuna da abin huda bel. Da ta ga akwai saura, ta yanka wa dama ma sabo. Aka goge ƙarfe, aka ɗora, aka ɗaure notuna daidai, Injiniya yana cewa kada a matse har soson ya mutu.

Ta koma but ba tare da an roƙe ta ba. Aka saki ruwa a fitilar hagu, aka daɗe. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, da ƙarfi. Ƙanƙara ya yi ihu kamar an ci ƙwallo, yana shirin naɗe tiyo.

"Ina za ka? Ba mu kai sama ba."

"An kama ɓarawo, Yallaɓai."

"An kama ɗaya."

Aka hau gindin waifar da ke share gilashin baya, babu komai. Aka zagaye gilashi, babu komai. Aka ɗora tiyo a kan rufin mota, ruwa na gangarowa ta baya. Minti biyar, shida. Ƙafarta ta fara sanƙarewa. Har za ta ce a buɗe, sai ta ga wani ɗan ƙyalli a ginshiƙin dama, can sama. Ba ɗigo ba ne, danshi ne kawai, ba ta ma iya cewa daga ina ya faro ba. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, sannan ta ƙara ɗaya, don ba ta tabbata ba.

"Uku kuma mene ne?" in ji Injiniya.

"Buɗe in gaya maka da baki kamar mutane."

Ya leƙa, ya shafa, ya ce a kawo hoda. Ta ɗauko hodar jarirai da jikarta ta bari. Aka goge wurin ya bushe, aka barbaɗa har ƙarfen ya yi fari, ta sake shiga tana atishawa. Wannan karon ruwan bai iya ɓuya ba. Ya ja layi siriri a cikin hodar, ta bi shi da tocila, sama, sama, har lungun da rufin mota ya haɗu da gefenta, dab da inda ƙofar ke maƙale.

A waje, wata baƙar roba doguwa ce ta rufe wannan mahaɗa. Injiniya ya sa bakin sukundireba a hankali ya ɗaga ƙarshenta. Ƙarƙashi akwai tsohon gam na kamfani, ya bushe, ya tsage kamar faso. Tsagar ba ta fi kaurin zare ba.

"Wannan dai ba ni ba ce," in ji Mai Labule.

"Ba ni ba ne," in ji Ƙanƙara da sauri.

"Ba kowa ba ne," in ji Injiniya. "Tsufa ne." Ya shafa rufin motar kamar mai lallashin doki.

A nan ta ga aikin da ya yi shekara talatin yana yi. Ya kankare tsohon gam ɗin har ƙarfe ya fito, ya bi da sanfefa, ya goge. Ya karɓi na'urarta ta busar da gashi ya yi ta hura wa wurin har ya yi zafi. Ya aiki Ƙanƙara shagon masu fentin mota ya karɓo gam ɗin da aka yi don mahaɗar ƙarfe, ba na taga ba. Ya matsa siriri, ya tsoma yatsa a ruwan sabulu, ya bi ya lallaɓe shi ya kwanta sumul. Ya duba ɗaya gefen, ya ga shi ma ya fara, ya yi masa. Ramin safaya kuma aka kankare tsatsa, aka shafa fenti, aka mayar da toshi. Kafet ya kwana biyu a kan igiya.

"Ƙofar nan a buɗe za ta kwana," ya ce. Ƙanƙara ya juya baya, wuyansa na rawa don dariya.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana tara babu ko yayyafi. Injiniya ya zama mai duban gari: da safe ya fito ya ɗaga kai, da rana ya fito, in ya ga ɗan gajimare sai ya tura motar tsakiyar fili inda babu inuwar komai. Ƙanƙara kullum sai ya bugo waya ya ce, "Yaya, an yi a wajenku?" kamar ba unguwa biyu ce tsakaninsu ba.

Rana ta goma, wajen la'asar, hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka tsaya a baranda suna kallon Kunkuru tana shan duka. Injiniya ya kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"Bari ya ɗauke tukuna," ta ce.

"Leƙawa kawai zan yi."

Ya ɗauki lema ya fita. Ta yi tsaki, ta yafa tawul ta bi shi. Ya ɗaga ƙofar but, ya cusa kai, ya yaye kafet, ya shafa ramin safaya.

"A bushe! Maman Auta, taɓa ki ji! Ƙayau!"

Ta taɓa. A bushe yake, har da ɗan ɗumi. Ta shafa bayan fitilar hagu, ta shafa na dama, ta miƙa hannu can lungun sama. Ko'ina ƙamas. Suka tsaya suna murmushi kamar waɗanda aka yi wa albishir, shi yana nuna mata inda ya lallaɓe gam, ita tana nuna masa gefen sosonta da ya zauna cif. Ba wanda ya lura iska ta juya. Sai da wani ruwa da ya taru a kan ƙofar ya kwararo ta gefe, ya sauka a wuyan Injiniya, ya wuce cikin but, sannan suka ga kafet ɗin ya yi duhu tun daga baki har tsakiya.

Ta ture shi gefe ta buga ƙofar. Suka ruga baranda, a jiƙe jagab, lemar ta juye.

"Wannan ruwan ba ya cikin lissafi," ya ce yana haki. "Ta ƙofa ya shiga, da izini."

"Kai za ka shanya kafet ɗin."

"Na ji."

Wayarta ta yi ƙara a ɗaki. Ta san ko wane ne. Ta matse bakin zaninta, ta shiga, ta ɗauka.

"Yaya! Ya ake ciki? Ya shiga?"

Ta leƙa ta taga. Injiniya yana tsaye yana ƙoƙarin mayar da lemar daidai, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Motar dai ta warke," ta ce. "Zo gobe ka ji sauran, ba a faɗarsa a waya."